Yadda Ake Gane Bututun Ƙarfe Kafin a Biya Kuɗi

Ina sabon buɗe shagon walda wani maƙwabcinmu ya ba ni aikin ƙafar tankin ruwa. Tankin mai cin lita 1,000 ne, wato tan guda idan ya cika, ban da nauyin jikinsa. Na aiki yaro kasuwa ya sayo faif inci biyu guda huɗu. Ya dawo har da canji mai auki, ina ta yaba masa iya ciniki. Muka haɗa, muka shafa fenti, mai aiki ya biya yana murna. Bayan sati uku ruwa ya zo da daddare, tanki ya cika maƙil, ƙafa ɗaya ta durƙusa. Allah ya taƙaita, babu kowa a ƙasa. Da gari ya waye na yanka wurin da ya lanƙwashe, na ga kaurin jikinsa da kaɗan ya ɗara milimita ɗaya. Faif ne na kujera da gadon ƙarfe. Mai kaya bai yi ƙarya ba, inci biyu ne cif. Ni ne na faɗi faɗi ban faɗi kauri ba.

Tun daga ranar ba na sayen bututu da baki. Ga yadda nake bi, ko a Ƙofar Ruwa kake saya a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Dei-Dei a Abuja, ko Katako a Yamai.

Mataki na ɗaya: leƙa cikinsa ka nemi ɗinki

Ɗaga bakin bututun ka fuskanci haske, ko ka haska da fitilar waya. Zura yatsa ka zagaya a hankali, don bakin da aka yanka yana da kaifi. Idan ka ji wani siririn tudu da ya miƙe daga wannan baki zuwa wancan, mai ɗinki ne. Kusan duk abin da ke jibge a kasuwanninmu irinsa ne, kuma idan akwai rubutu a jikinsa za ka ga ERW.

Asalinsa shimfiɗaɗɗen ƙarfe ne da aka naɗe kamar tabarma, naɗi ɗaya yana kai tan da yawa. A masana'anta sai a tsaga shi tsaye zuwa ɗamara-ɗamara, faɗin kowace daidai da kewayen bututun da ake so. Ɗamarar tana shiga jerin tayoyin ƙarfe masu kwarmi. Na farko su ɗan ɗaga gefunanta, na gaba su mai da ita kamar indararo, na gaba su ƙara rufe ta, har gefe biyun su zo gab da haɗuwa. A nan ake sakar musu wutar lantarki mai saurin kaɗawa, wadda ke taruwa a kan bakin gefunan kawai. Cikin ƙiftawar ido su yi jajir, zafinsu ya kai wajen digiri 1,400, sai wasu tayoyi su matse su su zama jiki ɗaya. Ba a sa sandar walda, ƙarfen ne ke cin kansa, kamar yadda maƙeri ke haɗa ƙarfe biyu masu zafi da guduma. Abin da ya tsattso waje wata wuƙa ta kankare shi tun yana da zafi. Na ciki galibi barinsa ake yi, shi ne tudun da yatsarka ta ji. Daga nan a sanyaya, a daidaita zagayensa, zarto mai tafiya tare da bututun ya yanka ba tare da an tsayar da inji ba.

Dabarar naɗe ƙarfe a haɗa bakinsa tsohuwa ce. A Ingila aka fara ta, lokacin da fitilun gas suka shigo birane ana neman bututu ido rufe, har da bakin tsofaffin bindigogi aka riƙa haɗawa. A 1825 Cornelius Whitehouse ya yi rajistar hanyar dumama ɗamarar gaba ɗaya a tanderu a ja ta ta cikin mazurari ta naɗe ta haɗe. Lantarki daga baya ya shigo. Wanda aka yi da tsohuwar wutar mai jinkirin kaɗawa, kafin wajen 1970, an san shi da tsagewa ta ɗinki, saboda haka ka yi hattara da tsohon faif na gwanjo da aka tono daga ƙasa.

Wasu suna raina mai ɗinki. Ni ban ga dalili ba. Kaurin jikinsa ya fi zama daidai ko'ina, tunda daga shimfiɗaɗɗen ƙarfe ya fito, ga shi da sauƙin kuɗi. Ƙofa, rumfa, shinge, sikafol, ruwan gida, duk aikinsa ne. Abin dubawa shi ne ko ɗinkin ya ci. Ga gwajin da nake yi idan zan sayi da yawa: in biya kuɗin guda ɗaya, in yanko zobe mai faɗin yatsu uku, in sa a bais, wato matsin ƙarfe mai haƙora biyu da ake kafawa a teburin aiki. Ɗinkin ba ya fuskantar haƙoran bais ɗin, a sama nake sa shi, inda ƙarfen zai fi lanƙwasa. Sai in matse har zoben ya baje ya koma kamar bakin kwaɗo. Mai kyau zai baje ɗinkin na nan lafiya. Mara kyau za ka ji ƙas, layin ya buɗe. Masana'antu ma irin wannan gwajin suke yi, nasu dai da ma'auni ne.

Mataki na biyu: idan babu ɗinki, tabbatar da dalili

Ka zagaya da yatsa ba ka ji komai ba? Abu biyu ne. Ko dai ba a taɓa ɗinka shi ba, ko an ɗinka an goge.

Mara ɗinki daga curin ƙarfe yake fitowa, dunƙulalle kamar taɓarya. Ana gasa shi a tanderu ya kai wajen digiri 1,200, sai a tura shi tsakanin manyan tayoyi biyu da aka kafa a karkace, suna juyawa gefe guda. Suna murza shi suna jan shi gaba lokaci ɗaya. Ka taɓa murza karan dawa a ƙasa da tafin ƙafa? Ɓawon yana nan, amma totuwar ciki ta saki. Haka ƙarfen ke yi, murzawar tana sa tsakiyarsa ta yi rauni ta fara buɗewa. Dama an tsayar da wani tsini mai kan harsashi a gabansa, sai curin ya hau kansa kamar an zura ƙafa a safa. Cikin daƙiƙu kaɗan dunƙulallen ƙarfe ya zama kwaroro mai kauri. Wasu 'yan'uwa biyu Jamusawa, Reinhard da Max Mannesmann na garin Remscheid, su suka gano wannan a 1885, kuma har yau sunansu ake kiran hanyar da shi. Bayan huda sai a zura sanda a ciki a ci gaba da murzawa, jiki ya sirance, tsawo ya ƙaru, sannan a daidaita shi.

Shi ya sa yake da tsada, kuma shi ya sa kaurinsa kan ɗan bambanta daga wannan gefe zuwa wancan, don tsinin ba kullum yake bin tsakiya sak ba. Auna bakinsa wuri huɗu za ka gani. Amfaninsa shi ne babu layin da za a ce nan ne rauni. Tukunyar tururi, matatar mai, rijiyar mai, tukunyar iskar oksijin, duk inda matsi da zafi suka haɗu, nan ne gidansa. A jikinsa za ka ga SMLS, ko A106, ko A53 tare da harafin S. Harafin E a gaban A53 na nufin mai ɗinki ne.

Na biyun, wanda aka goge, shi ne ke ruɗar mutane. Ana ɗaukar mai ɗinki a kankare tudun ciki, a zura masa sanda mai santsi, a ja shi da sanyinsa ta cikin rami da bai kai shi faɗi ba. Yana fitowa sumul ciki da waje, awonsa daidai, ƙarfinsa ya ƙaru saboda jan da ya sha. Sunansa DOM. Kaya ne mai daraja, da shi ake silindar haidirolik da sassan mota. Amma ɗinkin na nan a ɓoye, saboda haka idan takardar aiki ta ce mara ɗinki, kada ka kawo shi a madadin. Akwai kuma mara ɗinki na gaske da ake yi wa irin wannan ja na sanyi, ya fi kowa tsada.

Manyan bututu kuwa, waɗanda mutum zai iya rarrafawa ciki, hanyarsu daban. Wasu ana lanƙwasa faranti mai kauri a yi masa walda a tsaye, ciki da waje. Wasu ana naɗe ɗamara a karkace kamar naɗin rawani, ɗinkin yana zagayawa. Wanda ya bi hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano a 'yan shekarun nan ya ga irin girman da nake nufi: bututun gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kano, faɗinsa inci 40, tsawon layin kilomita 614, an ƙaddamar da aikinsa a 2020. Wannan ba kayan shagonmu ba ne, na ambata ne don ka san mai ɗinki ma yana ɗaukar babban aiki idan an yi shi bisa ƙa'ida.

Mataki na uku: dubi fatarsa

Baƙin faif ba shi da kariya sai ɗan mai da aka shafa masa a masana'anta. Ya fi daɗin walda, amma damina ɗaya ta ishe shi ya yi ja idan ba a yi masa fenti ba.

Farin, wanda muke cewa ji-ai, tutiya aka lulluɓe shi da ita, kuma iri biyu ne. Na ƙwarai, bayan an gama bututun ake wanke shi da asid a tsoma shi gaba ɗaya cikin narkakkiyar tutiya mai zafin wajen digiri 450. Yana fitowa da ɗan kaushi, launinsa toka-toka, ciki da waje duk ya sha, har kan ɗinkin. Ɗayan kuwa, ɗamarar ce aka yi wa tutiya tun kafin a naɗe. Yana ƙyalli, yana da santsi, ya fi ɗaukar ido. Sai dai wutar ɗinki ta ƙone tutiyar da ke kan layin. A waje akan fesa masa wata, a ciki kuwa haka yake tsirara. Leƙa ka gani: idan layin ciki baƙi ne, wannan ne. Ya yi wa wayarin da aikin cikin ɗaki, amma kada ka binne shi, kada ka sa masa ruwa.

Sai silba, wato ƙarfe mai ƙyalli mai jure tsatsa, wanda ake hannun bene da baranda da shi. Sinadarin kuromiyam ne ke hana shi tsatsa. Mai lamba 304 yana da kashi 18 na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Mai lamba 201 an rage masa nikel an cike da manganis, ya fi araha, kuma a waje yakan fito da ɗigo-ɗigon tsatsa. A ido ba ka raba su. Maganaɗisu ma ba ya raba su, don dukansu ba ya kama su sosai, duk da masu kaya da yawa da shi suke rantsuwa. Nemi lamba a jikin bututun ko a ledarsa, kuma a rubuta maka ita a rasit.

Mataki na huɗu: wane inci?

Nan ne rigima take tsakanin masu walda da masu aikin famfo. Inci biyu iri biyu ne.

Na ruwa da gas, incinsa suna ne kawai. Wanda ake kira rabin inci, faɗinsa ta waje milimita 21.3 ne. Inci ɗaya 33.4 ne ko kusa da haka, inci ɗaya da rabi 48.3, inci biyu 60.3. An tsayar da awon waje ne don soket da elbo da zare su shiga ko wane kauri ka saya. Idan jiki ya ƙara kauri, ramin ciki ne ke matsewa.

Na ƙira, wanda ake kujera da ƙofa da rumfa, incinsa na gaske ne ta waje: inci biyu milimita 50.8. Saboda haka idan ka aiki yaro, ka faɗa masa wanne. Na sha ganin wanda ya sayo na ƙira yana fama ya yanka masa zare, ƙarfen yana yagewa. Ba a yi shi don haka ba, kuma ba a gwada shi da matsin ruwa a masana'anta ba. Kada ka kuskura ka ja gas da shi.

Mataki na biyar: auna kauri da hannunka

Sayi baniya, wannan ma'aunin mai baki kamar sifana. Kuɗinta bai kai na faif biyu ba. Kada ka auna a daidai baki, don zarto yana barin gemu da ke ƙara kauri. Goge da fayil, ko ka tura haƙoran ciki kaɗan. Kauce wa kan ɗinki. Auna wuri uku, kuma ka zaro bututun da kanka daga tsakiyar ɗauri, ba wanda aka jingine a bakin shago ba.

Za ka ji ana maganar geji. Lambar tana hawa, kauri yana sauka: geji 18 wajen milimita 1.2 ne, geji 16 wajen 1.6, geji 14 wajen 2. A na ruwa kuma za ka ga SCH 40 ko SCH 80, a nan lambar da kaurin tare suke hawa. Inci biyu na 40 kaurinsa 3.91, na 80 kuwa 5.54. Ji-ai da aka yi bisa tsohuwar ƙa'idar Ingila, BS 1387, yana da zoben fenti kusa da baki: shuɗi matsakaici, ja mai nauyi, mara nauyi kuma ruwan ƙasa, a kayan Indiya rawaya. Fenti dai kowa na iya shafawa, baniya ce shaida.

Idan mai kaya ya ce, "Malam, wannan tu-em-em ne, ɗauki kawai," wato kaurinsa milimita 2 ne, ka ce, "To Alhaji, bari mu gani." Mai gaskiya shi zai miƙo maka tasa baniyar.

Auna tsawo ma. A ƙa'ida mita 6 ne, amma akwai 5.8, akwai ƙafa 18, wato wajen mita biyar da rabi. Idan ka lissafa ƙafa biyu ta mita uku-uku daga kowane faif, gajeren zai bar ka da guntaye.

Mataki na shida: ɗora a sikeli

Wannan ya fi kowane mataki tona asiri, kuma lissafinsa ba wuya. Ɗauki faɗin waje a milimita, cire kauri, ninka da kauri, sannan ka ninka da 0.02466. Abin da ya fito shi ne kilo nawa mita ɗaya zai yi.

Ga misali da na ƙira inci biyu. Kauri 2: cire 2 daga 50.8, saura 48.8, sau 2, sau 0.02466, ya ba ka kilo 2.4 a mita, wato wajen kilo 14.4 a faif mai mita 6. Idan kaurin 1.5 ne, kilo 10.9. Idan 1.2 ne, kilo 8.8. Ka ga tsakanin wanda ka biya da wanda za a iya ba ka akwai fiye da kilo biyar na ƙarfe a kan kowane faif. Araha ba ta ado. Na sikafol, 48.3 mai kaurin 3.2, mita ɗaya kilo 3.56 ne, mita 6 ya haura kilo 21 kaɗan. Idan yaro ya ɗaga shi da hannu ɗaya yana wasa, kada ka bari magini ya hau kansa.

Duk inda ake sayen ƙarfen gwangwan akwai sikeli. Ɗaura guda biyar ka auna tare ka raba biyar. Bambancin kashi kaɗan ba komai, masana'antu ma an ba su wannan rangwamen. Amma kilo biyu a kan faif ɗaya, wannan wani kauri ne daban.

Mataki na bakwai: haɗa shi da aikinsa

Kujera, teburi, gadon yara: kaurin milimita 1.2 ya wadatar. Ƙofar gida da ƙarfen taga, ni ba na sauka ƙasa da 1.5, ginshiƙin da ƙofar za ta rataya kuma 2.5 zuwa 3. Ginshiƙin rumfa 2 zuwa sama, don iskar farkon damina ba ta da wasa. Ƙafar tanki yanzu faif na ruwa nake sa wa, mai 60.3, kauri 3 ko fiye, da ƙarafan gicciye a kowace fuska. Idan tankin ya wuce lita 2,000 ko tsawon ya wuce bene ɗaya, a kira injiniya ya yi lissafi.

Kewayayyen bututu ya fi mai kusurwa huɗu jure murɗawa, kuma ƙarfinsa ɗaya ne ta kowace fuska. Wahalarsa wajen haɗi take. Kada ka buge bakinsa da guduma ya baje don ya zauna a kan ɗan'uwansa, kamar yadda ake yi don sauri. Yanka masa bakin kifi da giranda ya rungumi ɗayan, sannan walda ta zagaya.

Wajen lanƙwasa, nemo ɗinkin ka yi masa alama da alli. Kada ya faɗo a bayan gwiwa inda ƙarfe ke miƙewa, kada kuma ya faɗo a cikinta inda yake tattarewa. A gefe ake sa shi. Idan babu injin lanƙwasa, cika shi da yashi ka toshe baki biyu. Yashin ya zama busasshe ƙayau in za ka sa wuta, don mai laima yana zama tururi ya harbo toshiyar.

Siririn faif yana son sandar walda mai milimita 2.5 ko ƙasa, da wuta kaɗan, ɗigo-ɗigo, in ba haka ba huda shi za ka yi ta yi kana cikewa. Ji-ai kuma sai ka goge tutiyar wajen yatsu biyu kowane gefe kafin ka kunna wuta. Farin hayaƙin nan da ke tashi shi ke sa zazzaɓi da ciwon jiki da daddare, kamar masassara ta kama ka. Madarar gwangwani da yara ke sha bayan aiki ba ta kare huhu. Yi aikin a fili, iska tana kaɗa hayaƙin gaba, da abin rufe hanci na ƙwarai. Bayan walda shafa wa wurin fenti mai tutiya, don nan tsatsa za ta fara.

Baƙin faif kuma goge man da ke jikinsa da tina, a sa jan fenti na ƙasa kafin mai launi. Toshe saman kowane ginshiƙi da ɗan faranti, ka huda ƙaramin rami a gindinsa sama da siminti kaɗan. Ruwan da ya taru a ciki shi ke cin ginshiƙi daga ciki, fenti na ƙyalli a waje. Wanda ya rage a shago kuma a ɗora shi kan katako uku ko huɗu, gefe ɗaya ya ɗan fi tudu don ruwa ya zurare, kuma kada a jingina silba da baƙin faif, tsatsar wannan tana bin wancan.